Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Son Barin Kwas Ɗinta

Ummi,

Mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Saƙonki ya iso, kuma na karanta shi a tsanake. Kin ce likitanci kika nema aka ba ki kemistiri, kika karɓa don kada ki yi zaman gida, yanzu ga ki a aji biyu amma zuciyarki ta ƙi kwanciya da shi. Kin ce kina shiga lakca kamar an tura ki dole, kuma har kin fara tunanin tattara kayanki ki dawo gida ki sake rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Da yardarki nake ba ki amsa a bainar jama'a, domin na san ɗalibai masu irin damuwarki suna da yawa a jami'o'inmu, kuma ba kowannensu ne ke iya buɗe baki ya gaya wa iyayensa ba.

Da farko ki kwantar da hankalinki, ba ki yi laifi ba. Faɗar gaskiyar abin da ke ranki ba butulci ba ne ga Allah, ba kuma raina wahalarmu ba ne. Na fi son in ji daga bakinki yau da in gani a takardar sakamako bayan shekara biyu. Ki kuma sani cewa rashin samun likitanci bai nuna ba ki da ƙoƙari. A 'yan shekarun nan kusan mutum miliyan biyu ke rubuta JAMB kowace shekara, kuma likitanci na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi. Ita kuwa jami'a ba ta da ikon ɗaukar yadda ta ga dama, domin hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Idan gurbi ya cika, sai a rarraba sauran masu maki mai kyau zuwa kemistiri da fiziks da nazarin ƙananan halittu da makamantansu. Ki tambayi 'yan ajinku, za ki tarar da yawansu ta wannan hanyar suka zo.

Abu guda nake roƙonki kafin mu je ga kowace shawara: kada ki bari makinki ya faɗi saboda ɓacin rai. Wannan shi ne ramin da ɗalibai irinki suka fi faɗawa. Mutum zai ce ai kwas ɗin ba nawa ba ne, sai ya fara ƙin zuwa lakca, ya yi sakaci da gwaje-gwajen tsakiyar zango, ya tara kariyoba. Ranar da ya tashi neman canji sai a duba sakamakonsa a ce masa bai cancanta ba. Ya rasa wanda yake so, ya lalata wanda ke hannunsa. Duk ƙofar da za ki ƙwanƙwasa nan gaba, sakamakon kemistirin nan da kike ƙi shi za a fara tambaya. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke amfani da shi, daga 4.50 ake samun digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 kuma babbar daraja ta biyu. Makin aji biyu yana bin ɗalibi har ranar kammalawa, kuma ɗaga shi bayan ya faɗi aiki ne ja. Ko da gobe za ki tafi, ki yi karatun yau kamar mai zama.

Sai kuma ki zauna ki tambayi kanki, tsakaninki da Allah, mene ne ainihin abin da ke damunki. Kemistirin ne kansa ba kya so, ko kuwa ya yi tsauri ne a bana? Aji biyu dama a nan ake fara shiga zurfin kowane fanni, kuma lissafin da ke cikin kemistiri yakan firgita mutane da yawa kafin su saba. Tsauri yana da magani: ƙungiyar bita, tambayar na gaba da ke, yawan zama a laburare. Ko kuwa ganin ƙawayenki na sakandare sanye da farar riga ne ke sosa miki rai? Ko sha'awar a riƙa kiranki Dakta a gidan biki? Ba na raina wannan, halin ɗan Adam ne, amma bai isa a gina shekara shida a kansa ba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Idan wani malami ne ko wani ɗalibi ke matsa miki ta hanyar da ba ta dace ba, ko kuma baƙin ciki ne ya lulluɓe ki har ba kya iya barci, ba kya cin abinci, ba kya jin daɗin komai, to wannan ba matsalar kwas ba ce, canjin sashe kuma ba zai warkar da ita ba. Ki gaya mini ko mahaifiyarki nan take, babu kunya a ciki, za mu tsaya miki.

Idan kuwa kin bincika kin ga har yanzu likitancin ne a ranki, to ki je ki gan shi da idonki kafin ki sadaukar masa da shekarunki. A hutun nan mai zuwa ki bi gwaggonki mai aikin jinya zuwa asibiti, idan hukumar wurin ta yarda. Ki ga ɗakin haihuwa da tsakar dare, ki ga sashen gaggawa ranar da aka kawo waɗanda suka yi haɗarin mota. Ki zauna da ɗaliban likitanci su ba ki labarin ɗakin da ake koyon sassan jiki a kan gawa, da manyan jarrabawowin da idan mutum ya faɗi fiye da ƙa'ida ake sallamarsa daga kwas ɗin gaba ɗaya. Idan kin ga duk wannan zuciyarki ta ƙara ƙarfi, to son naki na gaskiya ne, ni ma zan san da wa nake magana.

Hanyoyin da ke gabanki uku ne. Ta farko ita ce neman canjin sashe a cikin jami'arku. Ana yin sa, amma da sharuɗɗa: maki mai kyau, sakamakon sakandare da ya dace da sabon kwas, sashenku ya sake ki, wancan ya karɓe ki, majalisar jami'a ta amince. Sau da yawa akan mayar da ɗalibi aji ɗaya baya. Shiga likitanci ta wannan hanya yana da wuya ƙwarai saboda ƙayyade gurbin da na faɗa miki, amma akwai wasu fannonin lafiya da ya kamata ki tambaya a kansu. Kada ki dogara da jita-jitar ɗakin kwana. Ki ɗauki littafin dokokin ɗalibai ki karanta, ki je wurin kodinetan ajinku da ofishin kula da harkokin karatu ki ji daga bakin masu abin. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya yi miki hanya ta bayan fage, ki guje shi. In kuma Allah ya sa an dace, ki tabbata an gyara bayananki a wurin JAMB, domin hukumar bautar ƙasa na dubawa, kuma saɓani tsakanin takardu ya sha jinkirta wa ɗalibai tafiya.

Ta biyu ita ce sake rubuta JAMB. Ban hana ki ba, zan ma biya kuɗin fom. Sharaɗina shi ne ki rubuta kina kan karatunki, ki faɗi gaskiyar matsayinki a duk inda fom ya tambaya, kuma kada ki ajiye wannan gurbi sai kin ga wancan a rubuce ya tabbata. Barin makaranta kafin nan shi ne sakin reshe kama ganye. Ki kuma yi lissafin lokaci da idon basira. Likitanci shekara shida ne, sai shekarar koyon aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Ki haɗa da shekara biyun da za ki bari a baya. Kada ki manta kalandar jami'o'in gwamnati ba kullum take tafiya yadda aka tsara ba: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Ban kawo wannan don in karya miki gwiwa ba. Shekarunki na ba ki dama, amma ina so ki shiga kina sane da tsawon tafiyar.

Ta uku ita ce ki kammala digirin nan da kyakkyawan sakamako, sannan ki juya. Wasu jami'o'i na ɗaukar masu digirin kimiyya mai daraja kai tsaye zuwa aji biyu na likitanci. Akwai kuma babbar difloma da digiri na biyu, waɗanda ta nan mutane ke tsallakawa zuwa kiwon lafiyar al'umma ko kimiyyar muhalli ko koyarwa. Wannan hanya ta fi tsawo ga mai son likitanci, amma mai bin ta ba ya taɓa zama hannu rabbana.

Kafin ki yanke wa kemistiri hukunci, ina so ki san abin da yake yi wa mutane, tunda kin ce ceton rai ne burinki. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Da farko an rasa gane abin da ke kashe su. Sai da aka auna jininsu da ƙasar gidajensu aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Likitoci sun yi jinya, amma awon sinadarai ne ya nuna musu abin da za su yaƙa, shi ne kuma ya nuna wace ƙasa za a kwashe daga tsakar gidaje don kada yaran su sake kamuwa. Haka yaƙin da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta yi da jabun magunguna zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008: ɗakin gwaji ne ke tabbatar da ko ƙwayar da aka sayar wa mai zazzaɓi magani ce ko alli. Ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa kafin ya shiga gidajen Kano, da dattin da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ke fitarwa, duk suna buƙatar mai wannan ilimi, mai kuma tsoron Allah. Lokacin da za ku fita koyon aiki a masana'antu, ki nemi irin waɗannan wurare ki ga fannin a aikace.

Ba na cewa zama ne kaɗai daidai. Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likitanci, bayan shekara guda ya bar shi ya koma Turanci da tarihi da nazarin addini, ya kuma rasa tallafin saboda haka. Ya san abin da ya nufa, ya biya farashinsa, duniya ta amfana da alƙalaminsa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kuwa ilimin koyarwa da kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama a 1975, ya koyar, daga baya ya yi gwamnan Katsina, ya zama shugaban ƙasa a 2007. Sunan da ke kan takardar digiri bai tsare shi a wuri guda ba. Mai canji da mai zama duk suna iya dacewa, muddin da sani suka yi ba da fushi ba.

Maganar mutane kuma ki bar mini ita. Idan kin canja za a ce kin ɓata shekara biyu, idan kin zauna za a ce kin kasa samun likitanci. Babu ɗayansu da zai rubuta miki jarrabawa. Batun kuɗi ma kada ya zame miki abin ɓoye damuwa. Ba mu da yawa, kin sani, kuma ƙannenki na tafe, shi ya sa nake so mu yi lissafin tare a fili. Amma ni da mahaifiyarki ba mu ɗauki karatunki a matsayin bashin da za ki biya mu da zaman ƙunci ba.

Ga abin da nake so ki yi daga yanzu zuwa ƙarshen zangon nan. Ki riƙe karatunki da kyau. Ki je ofisoshin da na ambata ki samo sharuɗɗan canji a rubuce. Ki nemi mutum biyu ko uku da suka gama kemistiri suna aiki, da wasu da ke cikin likitanci, ki saurare su. Ki yi istihara, ki maimaita, kada ki tsaya jiran mafarki, ki lura da inda Allah ke sauƙaƙa al'amari. Idan kin dawo hutu za mu zauna da mahaifiyarki, ki gaya mana abin da kika zaɓa da dalilinki. Zan yi miki tambayoyi masu zafi, domin aikina ke nan. Bayan haka hukuncin naki ne, ke za ki rayu da shi, kuma duk wanda kika ɗauka cikin ukun nan za ki same ni a bayanki da addu'ata da abin da ke aljihuna.

Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri, ya sanya albarka a karatunki, ya tsare mana ke.

Naki,
Abbanki