Masai Ya Cika, Ina Za A Kai?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana bisa abin da a ke jin kunyar ambata, watau makewayin matafiya.

Aikin akawu ya sa na kan bi hanya daga Kwandiko ta ƙasar Gwaram zuwa Birnin Kudu, garin duwatsu masu zanen mutanen dā, inda hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa. Dare da rana motoci na tsayawa, fasinja su ci abinci, su yi salla, su nemi wurin kewayawa. A 2022 aka shaida Jigawa ce jiha ta farko a Nijeriya da ta bar bahaya a fili, ƙananan hukumominta 27 duka. Madalla. Amma fa masai rami ne, rami kuwa cika ya ke yi. Na gida ya kan yi shekaru, na tasha da na kasuwa ba sa daɗewa. Ran da ya cika, in babu mai kwashewa, baƙo sai ya koma bayan katanga. In kuwa an kwashe an juye a kududdufi, damina ta kai shi rijiya, amai da gudawa ke nan.

A Amurka da Turai akwai masu yawo cikin mota mai gado da makewayi, da tankin ƙazanta a ƙarƙashinta. A zangon da su ke kwana a kan keɓe bakin bututu domin juye tankin. In ya toshe, ko zango bai tanada ba, su ma sai su yi ta yawo da kayansu. Ashe gina makewayi rabin aiki ne.

Ga shawarata, jama'a. Kowace tasha ta haƙa rami biyu, nesa da rijiya da mita 30. In ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu, ya zama taki mai amfani a gona. Cikin kuɗin da a ke karɓa a ƙofa a ware na kwasa. Masu kwasa kuma a ba su safar hannu da takalmin roba, a daina raina su, gama lafiyar gari tana hannunsu.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Kwandiko.