Sabon man shafawa da ranar Kurfai

Tun kaka da kakanni matan Kurfai da na Tondikandiya sun san amfanin tsiro ga fata. Lalle a ƙafa, man kaɗanya idan hunturu ya kama, man aduwa ga kaushi. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ce masu hajarsa daga itace ta fito, bai sha wahalar talla ba.

Yau kamfanonin Koriya ta Kudu da na Turai sun fito da wani man da suka ce yana ɗauke da ƴan jakunkunan da ƙwayoyin halittar tsiro ke fitarwa. Ana tatso su daga citta, inabi ko lemun tsami. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera wajen dubu kafin su yi kaurin silin gashi. Cikinsu akwai maiƙo da furotin, kuma gwaji ya nuna suna rage kumburi, suna taimakon gyambo ya warke. Sai dai mafi yawan gwajin nan a kan ɓeraye aka yi shi, ko cikin kwalaben ɗakin bincike. Wanda aka yi a jikin mutane kaɗan ne. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a bayan wasu sun kwanta ciwo sakamakon allurar irin jakunkunan nan da ba na tsiro ba. Na tsiro ana ganin sun fi sauƙin hatsari, amma ruwan tumfafiya ma daga tsiro yake, kowa kuwa ya san aikinsa a ido.

Abin da ya ci kasuwa a can, ko ba daɗe ko ba jima zai biyo ta Kwatano ko Kano ya sauka Baleyara ranar Lahadi, jabu na gaba, na ƙwarai na biye. An riga an ga haka: kwali da hoton karas ko gwanda, ciki kuwa hidrokinon da kortizon masu ɓare fata, irin waɗanda Kodibuwa ta hana a 2015.

Ko na ƙwaran ma, jakunkunan nan sanyi suke so. Kwalbar da ta kwana a duwan, ta hau bayan mota zuwa Damana, ta yi wata biyu cikin kantin kwano a zafin Afirilu da ya haura digiri 40, da wuya a ce abin da aka rubuta a jikinta yana nan. Matar ma'aikaci kuwa ta riga ta ba da jikkunanta.