Shigar Kiristanci Tsibiran Kudancin Fasifik

Tsibiran da ke warwatse a kudancin Tekun Fasifik, waɗanda masana ke kira Folinisiya, wato yankin tsibirai masu yawa, suna cikin wuraren farko da 'yan mishan na Ingila suka gwada sa'arsu, tun kafin gwamnatocin Turai su kafa tuta a can. Ƙungiyar Mishan ta Landan, wadda aka kafa a 1795, ta tura mutum 30 a jirgin ruwa mai suna Duff, wanda ya isa Tahiti a watan Maris na 1797, kuma huɗu ne kaɗai daga cikinsu limaman coci, sauran kuwa akasarinsu masu sana'a ne, irin su kafintoci da masaƙa da teloli da magina, domin an ɗauka cewa sana'a za ta share wa wa'azi hanya.

Zaton bai tabbata ba. Mutanen Tahiti sun yi maraba da gatari da ƙusa da almakashi, amma ba su ga dalilin barin Oro, gunkinsu na yaƙi, da wuraren bautarsa na duwatsu da ake kira marae ba. A 1799 an kashe uku daga cikin 'yan mishan da jirgin ya sauke a Tonga, kuma da yaƙi ya ɓarke a Tahiti a 1808, akasarin 'yan mishan suka tsere, sai wani magini mai suna Henry Nott ya zauna tare da sarki Pomare na Biyu, wanda aka kora zuwa tsibirin Moorea. Wannan zama shi ya juya al'amarin, domin Pomare, da ya ga gunkin kakanninsa bai hana a ƙwace masa sarauta ba, ya karkata ga sabon addinin, sannan da ya ci abokan gabansa a 1815 ya hana a karkashe su kamar yadda aka saba, aka rushe wuraren bauta, talakawa suka bi sarki ɗungurungum. Sai a 1819 aka yi masa baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, saboda shaye-shayensa ya daɗe yana sa 'yan mishan jan ƙafa. Nott ya shafe shekaru yana fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen da bai taɓa samun rubutu ba, aka buga Linjilar Luka a Moorea a 1818, cikakken littafin kuma a 1838.

Abin da littattafan mishan na wancan zamani suka rage wa daraja shi ne cewa 'yan tsibiran ne da kansu suka ɗauki mafi yawan nauyin yaɗa addinin. Ɗan mishan John Williams, wanda ya fi kowa suna a wannan aiki, dabararsa ita ce ya sauke malamai 'yan ƙasa a sabon tsibiri, ya juya da jirginsa, sai bayan watanni ya dawo ya ga ko suna raye. Haka aka bar wani malami mai suna Papeiha a Aitutaki a 1821, shi ne kuma ya sauka Rarotonga shi kaɗai a 1823 bayan sauran sun ji tsoro, haka kuma aka damƙa malamai takwas a hannun sarki Malietoa na Samoa a 1830. Harsunan yankin 'yan'uwan juna ne, saboda haka waɗannan malamai sun san yadda ake gaida sarki da abin da ake ƙyama, ilimin da Bature kan yi shekaru bai samu ba.

A yammacin tekun, inda harsuna suka rarrabu kuma babu manyan sarakunan da jama'a za su bi, wannan dabara ba ta ci da sauri ba. An kashe Williams a gaɓar Erromango, cikin Vanuatu ta yau, a Nuwamban 1839, a tsibirin da fataken itacen sandal suka riga suka zubar da jini, kuma a 1861, bayan ƙyandar da jiragen baƙi suka kawo ta hallaka ɗimbin jama'a, mutanen wannan tsibiri suka kashe ɗan mishan George Gordon da matarsa bisa zargin cewa su suka jawo annobar.