Wa ke riƙe da tsohuwar mota?

A hunturun da ya wuce, reshenmu na ƙungiyar masu tsofaffin motoci, a wani ƙaramin gari da ke tsakiyar Ingila, ya kira taro kan batu guda: mu ci gaba da zama ƙarƙashin uwar ƙungiya ta ƙasa, ko mu ɓalle mu ci gashin kanmu. Na shiga ɗakin da niyyar goyon bayan ɓallewa.

Ina da dalili. Motata Morris Minor ce ƙirar 1968, samfurin da aka daina ƙerawa a 1971. Ranar da kafiretonta ya ƙi aiki, ba wanda ya zo daga hedikwata. Wani dattijo ɗan reshenmu, tsohon bakanike, shi ya yini a garejina cikin sanyi, bai karɓi ko sisi ba. Shi ya san wanda ke da tsohuwar giya a ajiye, ya san mai waldar da ba ya ha'inci. Uwar ƙungiya kuwa, a ganina, ta karɓi kuɗin shekara ta aiko mana da mujalla, shi ke nan.

Ma'ajiyar reshen ce ta yi tambayar da ta sanyaya mini jiki: idan mun ɓalle, wa zai yi magana da gwamnati a madadinmu? A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 tana iya samun afuwar harajin hanya, kuma tun watan Mayun 2018 aka ɗauke wa yawancinsu gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Da aka shigo da fetur samfurin E10 a watan Satumban 2021, wanda ke cin robobin tsofaffin injuna, an bar E5 a gidajen mai. A irin waɗannan batutuwa, mai zama da hukuma ita ce tarayyar ƙungiyoyin tsofaffin motoci ta FBHVC, wadda aka kafa a 1988, kuma nauyin maganarta daga yawan membobin da ke bayanta yake zuwa. Haka inshorar da ke rufa mana asiri a ranar baje koli, da kayan gyaran da masana'anta ba za ta sake ƙerawa don mutum ashirin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na jefa ƙuri'ar zama, kuma muka yi rinjaye da ƙyar. Dattijon ya zaɓi ɓallewa. A bakin ƙofa ya ce mini hedikwata na iya kare motar a gaban doka, amma ba ta taɓa koya wa kowa saita kafireto ba, kuma su da suka iya suna ta ƙarewa. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Tun daga ranar, duk Asabar ina garejinsa, yana nuna mini ina kwancewa ina ɗaurawa.