Garin Neman Ƙiba: Ni da Jitata a Agege

Kwana biyu kun ji ni shiru, to lafiya lau, hidimomin Legas ne kawai da ba sa ƙarewa. Yau ina so in ba ku labarin wata wauta da na tafka a shekarar 2019, wadda ta cinye mini kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa, ta kuma kusa zubar mini da mutunci a gaban dattawan Agege. Abin da ya tuno mini da ita shi ne, makon jiya wani yaro da yake koyon jita a wurina ya zo mini da hoto a waya, wai ga abin da yake so ya saya ya ɗaura wa jitarsa don ta riƙa ƙara. Ina dubawa na ga ai ramin da na faɗa ne ya dosa gadan-gadan.

Waɗanda suka san ni sun san ina kaɗa jitar lantarki a ƙarshen mako tare da wasu abokai. Mu biyar ne: mai waƙa, mai kalangu, mai fiyano, wani Bayarabe mai ganga, sai ni. Muna zuwa biki da suna a Agege da Idi-Araba, wani lokaci har Sabo ta Ibadan. Ni ba kiɗan Turawa na koya ba. Na tashi ne a Haɗeja da kaset ɗin Haruna Uji a kunnena, don haka abin da nake yi shi ne in ɗauko hannun gurmi in ɗora shi a kan jita. Wanda ya san gurmi ya san daɗinsa yana cikin 'yan ƙananan bugu masu sauri, kowanne ya fito shi kaɗai, wani a hankali wani da ƙarfi, kamar mutum yana magana. Kuma kun san yadda mutanenmu suke kallon jita, wasu na cewa kayan coci ce, wasu na cewa ta 'yan otal ce. Shekara da shekaru burina in nuna musu cewa ita ma tana jin Hausa.

Matsalar ita ce ba a jin ni. Da zarar ganga da kalangu sun haɗu, ga fiyano, ga janareta na ruri a bayan rumfa, sai dai a ga yatsuna suna motsi. Wata rana bayan mun tashi wani ya tambaye ni, da gaske yake kuma, wai jitar ta lalace ne yau? Abin ya ci mini rai. Na koma gida na fara bincike a intanet, kuma duk inda na duba sai in ga ana maganar abin da masu jita ke kira fikof.

Ba a-kori-kura nake nufi ba. Fikof shi ne ɗan abin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin jita, ni dai kunnen jita nake ce masa. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da wata siririyar wayar jan ƙarfe mai kamar gashi, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin wayar, ita ce ke tafiya amfilifaya ta zama sauti. Akwai siriri mai naɗi ɗaya, irin na jitar Stratocaster ta kamfanin Fender, wanda idan aka ɗora masa mita yakan nuna kusan ohm 6,000. Muryarsa garau take, amma yana kwaso ƙugin wutar lantarki, wannan zuuu ɗin da kuke ji a lasifika. Akwai kuma mai faɗi mai naɗi biyu, wanda wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya ƙera a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. An jera naɗin biyun ne suna saɓa wa juna, sai ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan. Na farko-farkon suna nuna wajen ohm 8,000.

Daga baya ne aka shiga tseren ƙarfi. A 1972 wani mutumin New York mai suna Larry DiMarzio ya fito da wani mai suna Super Distortion, mai fiye da ohm 13,000 da maganaɗisu mai ƙarfi. Sai kamfanin Seymour Duncan ya zo da irin su JB da Invader masu wajen 16,000. Kamfanin EMG kuma ya yi nasa mai aiki da batiri mai bolt 9, wanda makaɗan ƙungiyar Metallica suka yi suna da shi. Ni duk wannan da na karanta, abu ɗaya ne ya tsaya mini a kai, wato lamba. Na ce a raina, mai 16,000 ai ya ninka mai 8,000, ke nan za a ji ni ninki biyu.

Jitata tokumbo ce, tana da sirara biyu da mai faɗi ɗaya a can ƙasa kusa da inda tsirkiyoyi suke ɗaure. Na tara kuɗina na nufi kasuwar Alaba. Don Allah, ba zan ɗora wa mai shagon laifi ba, don sau biyu yana tambayata wane irin kiɗa nake yi. Na ce masa shi dai ya ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi. Ya ɗora mita a gabana ta nuna 16,000 da 'yan kai, na biya, na kai wa mai gyaran rediyo ya haɗa mini, na kuma sa ya ɗaga shi sama har ya kusa taɓa tsirkiya, wai don kar ƙarfi ya zube. Da na gwada a ɗaki, kai! Bugu ɗaya tagar ɗakin ta amsa. Na yi ta murna, ban tsaya na kaɗa gurmin nawa na saurara da kyau ba. Ƙara kawai nake ji, ita na je nema kuma.

Bayan mako biyu aka yi bikin 'yar maigidan da ya riƙe ni lokacin da na zo Legas. Shi ne ya ba ni wurin kwana wata shida ban biya ko kwabo ba, shi ne kuma ya tsaya mini a gaban abokansa lokacin da suka ce bai kamata a kawo mai jita gidan mutunci ba. Ya ce musu su bari su ji, yaron nan gurmi yake yi. Kakar amarya ma ta taso takanas daga Haɗeja, an faɗa mata akwai ɗan garinsu da zai yi mata kiɗan gida.

Da lokacina ya yi, abokan suka sassauta, aka bar ni ni kaɗai da mai kalangu. Na fara. Wallahi bugu na uku na san akwai matsala. 'Yan ƙananan bugun nan da nake taƙama da su duk sun cakuɗe sun zama dunƙule ɗaya, sauti yana tsagewa kamar tsohuwar rediyo. Na sassauta hannu, ƙarar tana nan yadda take. Na rage murya daga jikin jitar, sai ta koma kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Da na matsa kusa da amfilifaya don in gyara, sai ta ƙwalla wata ƙara mai shiga ƙwaƙwalwa har yara suka toshe kunne. Ina ji tsohuwar nan ta juya ta tambayi ta kusa da ita, wai wa ya tayar da injin markaɗe ana tsakar biki? Mata suka fashe da dariya. Maigidan bai ce mini komai ba, ya dai sunkuyar da kai yana gyara hula. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari Bayaraben namu mai ganga ya kai ni Mushin wurin wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ya yi shekaru yana kaɗa jita a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Na gaishe shi, na ce, "Baba, jitata ce ta ba ni kunya." Ya karɓa, ya haɗa, ya taɓa tsirkiya a hankali, ya sake bugawa da ƙarfi, ya ce, "Ɗana, ka ji wani bambanci?" Na ce kusan babu. Ya ce, "To nan ciwon yake. Wa ya ce maka ka sa wannan?" Na ce babu kowa, lamba na bi. Ya yi dariya har da tari.

Abin da Baba ya koya mini a ranar shi ne nake so ku riƙe. Na farko, fikof ba ya ƙara wa amfilifaya ƙarfi. Tawa 'yar ƙarama ce mai wat 30, kuma wat 30 ɗin nan shi ne iyakarta ko da me ka ɗura mata. Idan wutar da ke shigowa ta fi ƙarfin ƙofarta, sai ta yanke kan sautin, wannan ne tsagewar da na ji. Ya ce ai don wannan tsagewar aka ƙera irin waɗannan tun asali. A shekarun 1970 amfilifayoyi da yawa ba sa ba da wannan gurnani sai an ƙure su, masu kiɗan rok kuma shi suke so, sai aka yi musu fikof mai tura amfilifaya da ƙarfin tsiya. Wato abin da na saya lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi, ni ne na sayi gatari zan yi aski.

Na biyu, kowane ƙarin naɗi yana da farashi. Yawan waya yana ƙara wuta, amma yana danne siraran sautuka na sama, ya bar masu kauri na tsakiya. Idan ka haɗa da doguwar waya daga jita zuwa amfilifaya, irin wadda muke ja a filin biki, sai abin ya ƙara dusashewa. Su kuwa siraran sautukan nan su ne haƙoran gurmi, da su kunne ke raba bugu da bugu. Na uku, lambar mita ba ma'aunin ƙarfi ba ce kai tsaye. Idan aka yi naɗi da wayar da ta fi siranta, lamba za ta hau ko da naɗin bai ƙaru ba, kuma irin maganaɗisun da aka sa da nisansa da tsirkiya duk suna da tasu rawar. Ɗaga shi da na yi har sama ma ya ƙara dagula lamarin.

Na ce, "Baba, ke nan kuɗina sun tafi?" Ya juya abin ya ga wayoyi huɗu ne suka fito daga cikinsa, ya ce Allah Ya taimake ni. Naɗin biyun an haɗa su ne a jere, wutar ɗaya na bi ta cikin ɗayan. Sai ya sake haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ya sa mini ɗan makunni da zan riƙa zaɓa. Ya ɗora mita, 16,000 ta koma wajen 4,000, don haka lissafin yake, kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kuma sauke shi ƙasa da sukundireba. Ya miƙo mini ya ce in yi gurmina. Jama'a, har na ji ƙwalla. Kowane bugu ya fito tar, ga shi kuma babu ƙugi, tunda naɗin biyun suna nan suna kashe shi.

Batun rashin jin ni a fili kuwa, maganinsa bai ci ko naira ɗaya ba. Ya ce in daina ajiye amfilifaya a ƙasa tana yi wa ƙafafun mutane kiɗa, in ɗora ta a kujera, in sa makirufo a gabanta sautin ya bi ta manyan lasifikun da mai waƙa ke amfani da su. Ya kuma ce in zauna da mai fiyano mu raba fili, idan ina sama shi ya sauka ƙasa. Wannan zaman ya fi komai wuya, don sai da muka ɗan yi sa-in-sa, amma mun daidaita.

Daga baya na lura cewa makaɗan da nake sha'awa ba su shiga wannan tseren ba. Ku saurari King Sunny Ade, jita nawa ne a ƙungiyarsa, ga ganguna jingim, amma kowace jita ana jin ta garau. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya fitar da faifan Afrique Victime a 2021, Stratocaster mai siraran fikof yake kaɗawa da hagu, kuma idan yana son gurnani yana samun sa daga amfilifaya da 'yan na'urorin da yake takawa da ƙafa. Wannan dabarar ta fi, don abin da ka taka ka kunna za ka iya takawa ka kashe, amma siraran sautukan da suka mutu tun daga cikin fikof, dawo da su aiki ne. Ɗan Maraya Jos ma, Allah Ya ji ƙansa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.

Ban ce kowa ya guji mai ƙarfi ba. Idan kiɗan rok mai nauyi kake yi, kana son sauti ya daɗe yana ja, to naka ne, saya abinka. Amma kafin ka cire kuɗi, ka tambayi kanka wane kiɗa kake yi, wace amfilifaya gare ka, sannan ka nemi wanda yake da irinsa ka kaɗa naka kiɗan a kai, a hankali da kuma da ƙarfi. Haka na faɗa wa yaron nan, na kuma ba shi aron jitata ya gwada makunnin ta kowane ɓangare. Har yanzu bai yanke shawara ba, yaro ne, ƙarar tana burge shi.

Shi kuwa maigidana, sai a 2021 na samu damar wanke kaina, a sunan jikansa. Bayan na gama ya kira ni gefe ya ce, "To, yau na ji Haɗeja." Tsohuwar ce dai ban samu na yi mata ba, Allah Ya yi mata rasuwa kafin nan. Wannan yana nan a raina har yau. Allah Ya gafarta mata, mu kuma Ya sa mu riƙa tambaya kafin mu saya. Sai mun haɗu a karo na gaba, a gaida mutanen gida.