Birkin Gaba

Baba ne ya fara jin ƙarar, ko da yake shi ne ba ya gani. Muna dawowa daga asibitin ido, ina tuƙi yana gefena, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Saurara." Na kasa kunne, ban ji komai ba sai hayaniyar 'yan adaidaita sahu. Ya ce, "Taka birki a hankali." Da na taka, sai wani siririn kuka ya fito daga wajen tayar gaba.

"Takalmin birki ya cinye," in ji shi. "Ɗan ƙarfen gargaɗi ne yake gogar faifai. Yau roƙonka yake yi. In ka ƙyale shi, ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, ran nan kuwa babu roƙo."

Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙi tsakanin Kano da Legas kafin hawan jinin ido ya raba shi da sitiyari. Abin da ya rage masa na wannan wahala shi ne tsohuwar Toyota Corolla 'yar Kwatano. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa ambaton sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron". Na gama digiri a fannin Fiziks, na gama hidimar ƙasa, na dawo gida ina jiran aikin da bai zo ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace naira a gidanmu tana da inda za ta tun kafin ta shigo. Don haka na ce masa to, na kuma ƙyale ƙarar har mako uku.

Kukan ya rikiɗe ya koma gurnani. Wata ranar Laraba da yamma, wata yarinya mai tallan gyaɗa ta tsallako titi a guje. Na danne birki iya ƙarfina, motar ta ja jiki tana kakari, ta tsaya bai fi taƙi biyu tsakaninta da yarinyar ba. Ta dube ni, ta gyara farantinta, ta wuce. Ni kuwa na daɗe a gefen hanya hannuna yana rawa.

Da daddare na gaya wa Baba. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari bakanike ya duba ya ce sakacina ya ƙara kuɗi: ƙarfen takalmin ya sassaƙe faifan, yanzu sai an canza duka. Abin da muke da shi zai sayi kaya, amma ba zai biya kuɗin aiki ba. Baba ya ce, "A gida za mu yi. Ni da kai, kai da ido."

A kasuwar Ƙofar Ruwa na so in yi dabara. Tunda ɓangaren dama ne ya fi lalacewa, me zai hana in sayi faifai ɗaya? Na buga masa waya. Ya ce, "Birki ba a yi masa gwauranci. In ɗaya ya fi ɗaya kamu, ran da ka taka da ƙarfi motar za ta fizge gefe." Na sayo faifai biyu da takalma huɗu, na dawo ba ko sisi.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka fito ƙofar gida, inda ƙasa take a shimfiɗe. Umma ta ajiye masa kujera a gindin darbejiya. Na ja birkin hannu, na tokare tayoyin baya da duwatsu, na sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan na ɗaga da jak. Ya sa na tokare motar da guntun gungume, na kuma tura tayar da na cire ƙarƙashinta. "Jak ɗagawa yake yi," ya ce, "ba a ba shi amanar rai."

Da sifana mai lamba 14 na kwance kalifa, wato muƙamuƙin da ke matse faifai. Na sake shi yana lilo, sai Baba ya ji ƙarar ya ce in ɗaure shi da waya, kada nauyinsa ya tsage robar man birki. Na zaro tsohon takalmin na sa masa a hannu. Ya shafa da babban yatsa, ya ji ƙarfe tsirara, ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba.

Kusoshin mariƙin masu lamba 17 sun kusa sa ni kuka. Da suka saki, faifan ya ƙi fita, tsatsa ta manne shi. Na ɗauko guduma zan huce haushi, ya hana. Ya ce in duba fuskar faifan, akwai ƙananan ramuka biyu masu zare. In ɗaura kusa a kowanne, in riƙa juya su bi da bi. Na yi, sai na ji ƙas, faifan ya rabu da mazauninsa. Na kankare tsatsar, na wanke man da ke jikin sabon faifai, na shafa giris a sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, ina kaffa-kaffa kada ɗigo ya taɓa fuskar takalmi.

Da na zo mayar da fistan ciki, na buɗe murfin tulun man birki, na ga man yana hawa yayin da nake matsawa. Nan na yi tsai. Ka'idar Pascal ce, masanin Faransa na ƙarni na 17: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai. Na rubuta ta a jarrabawa na ci maki, ban taɓa ganin ta da ido ba sai ran nan. Na san birki yana mayar da gudu ya zama zafi, na san in gudu ya ninka biyu aikin tsayawa yakan ninka huɗu, na san nauyi yana komawa gaba idan an taka, shi ya sa birkin gaba ya fi shan wuya. Na gaya wa Baba duk wannan cikin zumuɗi. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe suna da suna."

La'asar ta yi kafin in gama ɓangare na biyu. Na sauke motar, na ɗaure notoci a gicciye, na kwashe duwatsu. Gajiya da alfahari suka haɗu suka rufe mini ido. Na tayar da inji, na taka kuloci, na sa giya. Gabana kaɗan, jikokin maƙwabcinmu suna wasa a jikin katanga.

Sai na ji sunana. Sunana na yanka, cikakke, da muryar da ban taɓa ji ya fito daga cikinta ba.

"Buga birki tukuna!"

Na cire giya na taka. Fedar ta tafi har ƙasa kamar na taka iska. Na mayar da fistan ciki da hannuna, ban dawo da shi ba. A wannan lokacin motar ba ta da birki ko kaɗan. Na sake takawa, na sake, sai a ta biyar ta yi tauri. Na kashe inji na zauna ina kallon yaran, su kuwa ba su ko ɗago kai ba.

Daga baya muka fita gwaji a hanyar da ba kowa, ina tsayawa a hankali sau da yawa don sabon takalmi ya zauna a kan faifai. Baba ya jingina kai yana saurare. Babu kuka, babu gurnani. Ya ce, "To, wannan yaron, mu je gida."

Bai ƙara kiran sunana ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba. Har yau takardar digirina tana cikin akwati tana jiran ranarta. Amma duk sanda na shiga mota, kafin in sa giya, ƙafata takan nemi birki da kanta.