Hoton Gawa Da Hoton Shaida

Jama'a, a shekarar 1961 wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan, Shomei Tomatsu, ya tafi birnin Nagasaki, shekara 16 bayan Amurka ta jefa masa bom ɗin nukiliya a ranar 9 ga Agusta, 1945. Bai tarar da gawa ko ɗaya ba. Abin da ya ɗauka shi ne agogon hannu da ya tsaya cak a ƙarfe 11:02, daidai lokacin da bom ɗin ya tashi, da kwalbar da zafi ya narkar har ta koma kamar naman da aka feɗe, da fuskokin waɗanda suka tsira da tabon ƙuna. Ya yi ta komawa wurin mutanen nan shekara da shekaru, har suka san shi ya san su. A 2006 an baje hotunansa a San Francisco, kuma ni dai duk ranar da na dube su a intanet ba na iya cin abinci nan take.

Akwai kuma wani gidan tarihi a Philadelphia, Mütter Museum, inda aka tara ƙoƙon kawunan mutane da sassan jiki cikin kwalabe, masu hoto suna ɗaukar su kamar amare. A 2023 hukumar gidan ta janye hotuna da bidiyo masu yawa daga intanet domin ta sake nazari. Tambayar da ta dame su guda ce: shin masu jikin nan sun yarda a kalle su?

Wannan tambaya ita ke zuwa mini duk lokacin da na bi hanyar Kano zuwa Zariya. Da zarar mota ta kife wajen Kwanar Dangora, kafin a samo zanen rufe mamaci, wayoyi goma sun riga sun haska shi. Wata uwa a Kiru ko Doguwa sai ta ga ɗanta kwance a WhatsApp tun kafin ɗan aike ya iso ƙofar gida. Mu da aka sani da gaggauta suturta mamaci, yaushe muka koma haka?

Abin takaicin, inda ake buƙatar shaida nan ne ba mu da hoto. An gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki da maƙabartu. Kakata ta rasu tana lissafa mini itatuwan ɗorawar gonarsu ɗaya bayan ɗaya, amma ko hoton ƙofar gidansu babu a hannunmu. Haka ganuwar Bebeji da Turawa suka fasa da igwa a 1903 kan hanyarsu ta cin Kano, yara nawa ne a garin za su iya nuna maka gurbinta?

Tsofaffin da suka ga tashin Tiga suna nan a Bebeji da Tudun Wada, sai dai kullum raguwa suke yi. Ɗan'uwa, wayar nan da ke aljihunka ta ishe ka. Je ka gaishe su, ka zauna, ka nemi izini, sannan ka ɗauka, ka rubuta sunan garin da ruwa ya ci a ƙasan hoton. Gawa kuwa, mayafi take nema a wurinka. Allah Ya sa mu cika da kyau da imani.